CIWON SUKARI DA ZUGIN ƘAFA: YADDA AKE GWADA MAGANINSA

Ya ku iyaye mata, wadda ta iya karatu ta karanta wa ta kusa da ita.

In ciwon sukari ya daɗe a jikin mutum, sau da yawa ƙafa ce ke fara kawo ƙara. Wata ta ce tafin ƙafarta kamar ta taka garwashi, wata ta ce kamar ana soka mata allura, wata kuwa mijirya ce ta ƙi saki. Da dare ya fi tsanani, har zanen rufa ma ba ta son ya taɓa yatsunta. Ba sanyi ba ne, ba kuwa sammu ba. Sukarin da ya yi yawa cikin jini shi ke cin jijiyoyin da ke kai labarin ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ƙafa su suka fi tsawo, shi ya sa su ke fara lalacewa: daga yatsu ya hau idon sawu, ya kama ƙwauri, ƙafa biyu tare. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan in an daɗe. Ko ba ke ba, watakila mijinki ne, ko surukarki da kike jinya.

Akwai magani mai rage zugin. To, yaya aka san yana aiki? Gwada shi aka yi.

Ga yadda ake yi. Likitoci su tara masu ciwon, waɗanda suka yarda, su raba su kashi biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su wani daban, ko ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani cikinta. Mai sha bai san wanne ya samu ba, likitan ma sau da yawa bai sani ba. Dalili kuwa shi ne, mutum in ya sa rai ga magani yakan ji sauƙi ko da gari aka dunƙula masa. Kullum kowa ya auna zuginsa daga 0 zuwa 10, a rubuta. Bayan makonni a kwatanta. Wannan shi ya raba maganin asibiti da na mai talla a tasha, wanda shaidarsa bakinsa ne kawai.

A Ingila an yi irin wannan gwaji, aka bayyana sakamakonsa a 2022. An kwatanta magunguna uku, watau amitiriftilin da duloksetin da firegabalin. Babu wanda ya fi wani sosai, kuma wanda guda ɗaya bai ishe shi ba, da aka haɗa masa biyu ya ƙara samun sauƙi. Zugin ya ragu da kamar rabi. Ku lura, rabi aka ce. Kada ki sha kwana uku ki ce bai yi ba ki watsar, domin yakan ɗauki makonni, kuma likita da kaɗan yake farawa. Suna sa jiri da barci. In kina da ciki ko kina shayarwa, lalle ki faɗa kafin a rubuta miki. Kada ki saya da kanki a kemis, balle taramol.

Gwajin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne wanda aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, da mutum 1,441 masu irin sukarin da sai da allurar insulin. Waɗanda suka riƙe sukarinsu da kyau, lalacewar jijiya ta ragu gare su da kimanin kashi 60 cikin 100. Watau zuwa awo a kan lokaci, da shan magani, da kiyaye abinci, su ke tsare jijiyar tun ba ta lalace ba.

IN AKA CE KI SHIGA GWAJI

Mun sani kalmar nan tana tsorata mutane, kuma da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani gwaji na yara kimanin 200. Wasu sun rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a. Saboda haka ki san haƙƙinki. Ba a gwajin magani a Nijeriya sai da izinin NAFDAC da na kwamitin da ke duba haƙƙin marasa lafiya. Dole a yi miki bayani da harshen da kike ji, har da illar da ake tsoro. Kina iya tafiya gida ki yi shawara kafin ki sa hannu ko ki dangwala. Kina iya cewa a'a, kina iya fita ko da an fara, ba wanda zai hana ki maganinki na kullum don haka. Wanda ya ƙi amsa tambayarki, ki zo ki gaya wa malamar asibiti.

ABIN DA ƘWAYA BA TA YI

Magungunan nan zugi suke ragewa, ba sa komar da jin da ya tafi. Haɗarin ke nan. Ƙafar da ba ta ji sai ta taka ƙaya ko ƙusa mai ita ba ta sani ba, sai ya zama gyambo, gyambon nan kuwa shi ke kai wa ga yanke ƙafa.

Don haka kullum ki duba ƙafa da rana cikin haske, tafi da dunduniya da tsakanin yatsu. Bayan alwala ki tsane tsakanin yatsun nan. Ki shafa mai a kan faso da kaushi, kada ki kankare su da reza. Kada ki yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ki kuma kakkaɓe shi kafin ki sa. Lokacin hunturu kada tsohuwa ta miƙa ƙafa ga kaskon wuta. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Ba tsaga, ba ƙaho. Lalle ma yakan ɓoye rauni, ki duba da kyau kafin ki ƙunsa.

In kin ga ƙuraje, ko kumburi, ko wuri ya yi baƙi, ko yana wari, ki zo asibiti ran nan, kada ki jira ranar awo. Duk sa'ad da kika zo kuwa, ki tuɓe takalmi ki ce a duba miki ƙafa, ko ba a tambaye ki ba.