Fim Ɗaya, Maki Biyu: Yadda Fim Ɗin Bob Marley Ya Sake Tayar Da Rigimar Tabar Wiwi

Ranar 14 ga Fabrairu, 2024 kamfanin Paramount ya saki fim ɗin Bob Marley: One Love a gidajen silima. Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya buɗe shafin Rotten Tomatoes zai tarar da lambobi biyu da suka ƙi jituwa. A ɓangaren masu sharhin fina-finai na jaridu, waɗanda suka ce fim ɗin ya yi ba su kai rabi ba. A ɓangaren 'yan kallo kuwa makin ya haura kashi 90 cikin ɗari. Kamfanin CinemaScore, mai tsayar da mutane a ƙofar silima daren farko yana jin ra'ayinsu, shi ma ya ba shi A. Aljihu ya goyi bayan 'yan kallo: an kashe wajen dala miliyan 70 an yi fim ɗin, ya dawo da kusan miliyan 180 a faɗin duniya.

Kafin a ce wane ne ya yi gaskiya, yana da kyau mai karatu ya san yadda ake haɗa waɗannan lambobi, domin da yawa ana yi musu gurguwar fahimta. Makin masu sharhi ba matsakaicin maki ba ne. Kowane sharhi ana jefa shi cikin ɗayan kwando biyu ne kawai, ya yi ko bai yi ba, sai a ƙirga kashi nawa suka faɗa kwandon farko. Wanda ya ce "ba laifi" da wanda ya ce "ban taɓa ganin irinsa ba" nauyinsu ɗaya a lissafin. Makin 'yan kallo kuma shi ne kason waɗanda suka bayar da tauraro uku da rabi ko fiye cikin biyar. Tun 2019, bayan da wasu suka yi taron dangi suka rufe fim ɗin Captain Marvel da suka tun ma kafin ya fito, shafin ya hana yin tsokaci kafin ranar fitowa, ya kuma fara fifita makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti ta Fandango.

Wannan gyara ya toshe ƙofa ɗaya ya bar wata a buɗe. Wa zai ciro kuɗinsa ya sayi tikitin fim ɗin Bob Marley a makon farko? Wanda dama yake son Bob Marley. Duk mai rubuta manhaja da ya taɓa duba makin manhajarsa a Play Store ya san wannan ciwo: masu tsayawa su danna tauraro ko dai masoya ne na gani-kashe-ni, ko kuma waɗanda ransu ya ɓaci. Na tsakiya shiru suke yi.

Shi fim ɗin, wanda Reinaldo Marcus Green ya ba da umarni, bai ɗauko rayuwar mawaƙin daga haihuwa zuwa mutuwa ba. Ya tsaya ne a kan shekaru biyu masu zafi. Ya fara daga Disambar 1976, lokacin da 'yan bindiga suka kutsa gidansa da ke lamba 56 a titin Hope a Kingston suka harbe shi da matarsa Rita, kwana biyu kafin wasan Smile Jamaica. Daga nan sai gudun hijira zuwa Landan inda ya yi kundin Exodus a 1977, sai komawarsa gida a 1978 don wasan sulhu da ya haɗa hannun abokan hamayyar siyasa biyu, Michael Manley da Edward Seaga, a kan dandamali. Masu sharhi sun yaba wa Kingsley Ben-Adir da Lashana Lynch, amma ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne: an wanke labarin ya yi fes da yawa. Rita da 'ya'yanta Ziggy da Cedella suna cikin masu shirya fim ɗin, kuma ba a cika ganin iyali sun tona asirin nasu ba. 'Yan kallo kuwa waƙoƙi suka je ji da babbar lasifika, sun kuma ji.

Sai maganar hayaƙi. Hukumar da ke sa wa fina-finai alamar shekaru a Amurka ta ba shi PG-13, wato iyaye su kula da 'yan ƙasa da shekara 13, kuma dalilin farko da ta rubuta shi ne shan tabar wiwi daga farkon fim har ƙarshe. Ba a ƙara gishiri ba. Marley mabiyin aƙidar Rastafari ne, kuma su suna ɗaukar wiwi, wadda suke kira ganja, a matsayin wani ɓangare na ibadarsu. A 1977 kotu a Landan ta ci shi tara saboda an same shi da ita. Fim ɗin da zai ɓoye wannan ƙarya zai yi. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba a cikin yabon: tun 2014 iyalin Marley suka haɗa gwiwa da wani kamfanin zuba jari na Amurka, Privateer Holdings, suka ƙirƙiri tambarin kayan wiwi mai suna Marley Natural. Masu shirya fim ɗin ba 'yan kallo ba ne a wannan kasuwa, suna da rumfa a cikinta.

Lokacin fitowar fim ɗin shi ma ya ƙara wa wutar fetur. Kwana tara bayan an sake shi, ranar 23 ga Fabrairu, majalisar dokokin Jamus ta amince da dokar halatta wiwi ga manya. Daga 1 ga Afrilu, wanda ya kai shekara 18 zai iya riƙe giram 25 a waje, giram 50 a gida, ya kuma shuka tushe uku. A watan Mayu ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fara shirin sauko da ita daga rukuni na ɗaya, inda take zaune tare da heroin, zuwa rukuni na uku. Jihohi 24 na ƙasar sun riga sun halatta ta don nishaɗi, tun daga Colorado da Washington a 2012, alhali a dokar tarayya har yanzu laifi ce. Kanada ta halatta a 2018, Uruguay tun 2013. Abin mamaki, ita Jamaika da duniya take kallo a matsayin hedikwatar abin ba ta halatta ta kai tsaye ba. Gyaran dokar 2015 ya ce wanda aka kama da abin da bai wuce giram 56 ba tara kawai za a ci shi, gida zai iya shuka tushe biyar, 'yan Rastafari kuma an ba su dama don ibada.

Saboda haka duk inda aka sa guntun fim ɗin, a X ko TikTok ko YouTube, ba a daɗewa ana maganar wasan Ben-Adir sai zance ya karkata zuwa a halatta ko kar a halatta. Wannan ba hatsari ba ne. A Maris 2023 Twitter ya buɗe wani sashe na lambobin da ke zaɓar abin da mutum zai gani, kuma masu shirye-shiryen kwamfuta da suka duba sun ga cewa amsa ɗaya ta fi danna alamar so ɗaya nauyi fiye da sau 20. Wanda ya rubuta cewa fim ya yi kyau zai samu so. Wanda ya rubuta cewa wiwi ba ta taɓa cutar da kowa ba, ko kuma duk mai shanta mahaukaci ne, zai samu amsoshi ɗari. Na'ura ba ta san Bob Marley ba, abin da ta sani shi ne wane rubutu ne ke sa mutane buga harafi.

Idan aka cire hayaniyar, kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya ture ta da ƙafa. Masu son a halatta sun fi ƙarfi a kan maganar kame. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙi ta ACLU na 2013 ya nuna cewa baƙar fata a Amurka ya fi farar fata yiwuwar shiga hannu saboda wiwi kusan sau huɗu, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. Tabon shari'a kuma yana bin mutum wajen neman aiki da haya har tsufansa. A nan ma fasaha ta taka rawa mai kyau: a 2019 ƙungiyar Code for America ta rubuta manhajar da ta karanta tsofaffin bayanan kotu a San Francisco, ta zaƙulo hukunce-hukunce sama da 8,000 da suka cancanci a goge, aikin da lauyoyi za su shafe watanni suna yi da hannu.

Masu adawa kuma suna da abin da fim ɗin ba zai iya nunawa ba, domin labarinsa ya tsaya a 1978. Ganyen da Marley ya sha ba shi ne ake sayarwa yau ba. Sinadarin da ke bugarwa, THC, a samfuran da hukumomin Amurka suka kama yana wajen kashi 4 cikin ɗari a 1995, ya kai wajen kashi 12 a 2014, man da ake tatsa ana zubawa a sigarin lantarki kuwa ya ninka haka sau da yawa. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya gano cewa masu shan mai ƙarfin kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. A shekarar 2019 ɗin dai wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, aka bi sawu aka gano wani mai da ake gauraya wa ruwan THC na bayan fage a cikin sigarin lantarki. Zuwa Fabrairun 2020 mutum sama da 2,800 sun kwanta asibiti, 68 sun mutu. Masu son halattawa sun ce wannan hujjarsu ce, tunda kayan kasuwar bayan fage ne. Masu adawa sun ce a duba ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci alewar wiwi bisa kuskure a Amurka: daga 207 a 2017 zuwa sama da 3,000 a 2021.

Manyan kamfanonin fasaha su kansu ba su tsaya a layi ɗaya ba. Google ya hana manhajojin da ke taimaka wa cinikin wiwi a Play Store tun 2019, ko da a inda doka ta yarda. Apple ya sassauta a 2021, da sharaɗin kamfanin yana da lasisi kuma manhajar ba za ta yi aiki ba sai a yankin da aka halatta. Twitter ya fara karɓar tallanta a wasu jihohin Amurka a Fabrairun 2023. Wato manhajar sayarwa tana duba inda wayar take kafin ta buɗe. Fim da guntayen bidiyo ba sa duba komai. Matashi a Kano ko Maraɗi yana kallon abin da na Berlin yake kallo, yana karanta tsokacin da na Toronto ya rubuta, amma ba doka ɗaya ke kansu ba. 'Yar wasan ƙwallon kwando ta Amurka Brittney Griner ta ga haka a 2022, lokacin da aka kama ta a filin jirgi a Mosko da 'yan kwalaben man wiwi na sigarin lantarki, kotun Rasha ta yanke mata shekara tara, sai ta hanyar musayar fursunoni ta fito bayan wata goma.

A Najeriya maganar ba baƙuwa ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da miliyan 10.6. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya nemi a bari a noma ta don magani da fitarwa waje tun 2019, shugaban NDLEA Buba Marwa kuma ya sha cewa bai yarda da halattawa ba, kuma har yanzu riƙe ta ko shanta laifi ne mai kai mutum gidan yari. Ghana ta bi wata hanya a 2023, ta yarda a noma nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba don masana'antu da magani, shan ta don nishaɗi kuwa yana nan haramun. A Mayun 2024 kuma hukumar tace fina-finai ta ƙasa a Najeriya ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a fina-finai da bidiyon waƙa.

Sai dai ƙa'idar hukuma tana iya kama furodusa a Legas ko Kano, ba ta iya kama fim ɗin Paramount da ya shigo waya. A nan abin da ya rage a hannun iyaye 'yan saituna ne. A Netflix ana iya buɗe wa yaro nasa sashe, a ƙayyade shekarun abin da zai gani, a sa wa na manya lambar sirri mai lamba huɗu, har ma a toshe wani fim da sunansa. Prime Video shi ma yana da irin wannan makulli. A shafin IMDb kowane babban fim yana da sashen jagorar iyaye, inda ake jera wuraren da aka sha giya ko taba ko ƙwaya, kuma karanta shi ba ya cin minti biyu ko data mai yawa. Amma duk waɗannan suna aiki ne idan fim ɗin ya biyo ta ƙofar gida. Wanda aka sauke daga Telegram, ko aka tura ta Xender, ko aka loda a mimori a shagon masu tura fina-finai, ya zo ne babu alamar PG-13, babu lambar sirri, sau da yawa ma babu rubutun fassara, a fim ɗin da har Amurkawa suka riƙa ƙorafin ba sa gane turancin Jamaika da ake yi a cikinsa.