Maganar Da Ta Ɓace Tana Iya Komowa

Bari mu fara da misali, irin abin da yakan faru a gidajenmu. A ce wani magidanci ne a Magarya ta ƙasar Wurno, manomin albasa da shinkafa a fadamar Rima. Ya kwanta lafiya ƙalau. Da gari ya waye matarsa ta kawo masa koko, ta gaishe shi, sai ya dube ta kurum. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya buɗe baki zai amsa, kalma ta ƙi fitowa.

Bayan mako 3 a asibiti aka sallame shi. Ƙafa ta fara takawa, amma magana shiru. In yana son ruwa sai ya ce "gishiri". In ba a gane ba sai ya fusata, ko ya fashe da kuka. Maƙwabta suka fara raɗa. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce, wani kuwa ya ce hankalinsa ya taɓu. Sannu a hankali aka bar shawara da shi. Aka sayar da albasarsa ba a tambaye shi ba. Ana zancensa a gabansa sai ka ce ba ya nan.

Ya ku masu karatu, mutumin nan yana nan. Ya san matarsa, ya san gonarsa, ya san an bar shi baya. Abin da ya lalace shi ne hanyar da kalma take bi daga tunani zuwa baki. Masu bincike kuwa sun nuna cewa sau da yawa ana iya gyara hanyar nan.

Me Ke Kawo Wannan Ciwo?

Abu biyu ne suka fi kawo shi a ƙasarmu. Na fari shanyewar jiki, watau sa'ad da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Cikin mutum 3 da ciwon ya kama, kusan 1 yakan rasa magana, ko duka ko wani sashe. Na biyu shi ne buguwa a kai: faɗuwa daga kabu-kabu a hanyar Achida, haɗarin mota, sanda, ko harsashi. Wanda ya bugu a kai yakan warke a fata, amma a bar shi da mantuwa, da saurin fushi, da kasa shirya aikinsa.

A shekarar 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya duba wani majiyyaci da ya yi shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", ko da yake yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da lahani a gaba, ta gefen hagu. A 1874 wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya nuna cewa in lahanin ya ɗan yi baya, mutum zai yi ta zuba magana ba ma'ana, ya kuma kasa gane ta wasu. A wurin yawancin mutane gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da magana, shi ne kuma ke sarrafa hannun dama da ƙafar dama. Shi ya sa wanda damarsa ta shanye ya fi rasa baki.

Sabuwar Turba

A da likitoci suna tsammani abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ya tafi ke nan, sai haƙuri. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani masani ɗan Rasha, Alexander Luria, ya lura da sojoji masu yawa da harsashi ya samu a kai. Ya ga cewa wurin da ya mutu ba ya farfaɗowa, amma ana iya horar da sauran wuraren su ɗauki aikin ta wata hanya.

Mutanen kwarin Rima ba su manta da ambaliyar 2010 ba, sa'ad da ruwa ya yanke hanyoyi da gadoji daga Goronyo har Sakkwato. Wanda ke son kasuwa dole ya nemi zagaye. Ranar fari da wuya, ga nisa, ga ƙaya. Amma da ƙafa ta yi ta bi, sai turba ta fito. Haka ƙwaƙwalwa take. Turbarta ba ta fitowa sai da yawan tattaki.

Awa Nawa Ake Bukata?

A 2003 masu bincike a Kanada suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koyar da magana. Suka tarar inda aka ci nasara, ana koyarwa kusan awa 9 kowane mako har mako 11. Inda ba a ga amfani ba, awa 2 ne kacal a mako, ko da an ja shi har mako 23. A 2016 aka sake tattara gwaji 57 da suka ƙunshi majiyyata 3,002, aka tabbatar cewa koyarwar tana gyara magana, da karatu, da rubutu. Aka kuma lura cewa in an matsa da yawa wasu sukan gaji su bari. Saboda haka a yi da yawa, amma a raba shi kaɗan-kaɗan.

Sauƙin da ke zuwa da kansa ya fi yawa a watanni 3 zuwa 6 na fari. Daga nan iyalai da yawa sukan fid da zuciya. Amma a 2017 aka buga sakamakon wani gwaji a Jamus, da mutum 156 waɗanda suka yi aƙalla wata 6 da ciwon, wasunsu shekaru. Aka ba su horo na awa 10 ko fiye a mako, har mako 3. Maganarsu ta yau da kullum ta ƙaru, ƙaruwar kuma tana nan bayan wata 6. Ashe ƙofar ba ta rufe ba.

Mai Kasa Magana Yana Iya Waƙa

Wataƙila kun taɓa ganin wannan abin mamaki: wanda ba ya iya kiran sunan ɗansa, amma in an ta da waƙar da ya saba da ita a sujada sai ya bi ta har ƙarshe, ko ya faɗi Addu'ar Ubangiji ba tuntuɓe. Dalili shi ne waƙa da abin da aka haddace suna samun taimako daga gefen dama na ƙwaƙwalwa. A 1973 masana 3 a birnin Boston na Amurka suka mai da wannan hanyar jiyya. Ana ɗaukar gajeriyar magana kamar "ina son ruwa", a rera ta a hankali tare da majiyyaci, ana ɗan buga hannunsa na hagu ga kowace gaɓa. Bayan kwanaki sai a riƙa janye muryar waƙar, har kalmomin su tsaya da kansu. Ba kowa take yi wa aiki ba. Ta fi dacewa da wanda ke ganewa amma ba ya iya furtawa. Gabrielle Giffords, 'yar majalisar Amurka da aka harba a kai a 2011, waƙa tana cikin abin da aka yi amfani da shi wajen koya mata magana.

Maganin Mantuwa

Ga wanda buguwar kai ta bar shi da mantuwa, wata masaniya a Ingila, Barbara Wilson, da abokin aikinta sun nuna a 1994 cewa kada a bar shi ya yi ta cinke. In ya cinka ba daidai ba, kuskuren ne zai zauna masa. Maimakon a ce, "Baba, wa ke nan? Ka tuna?" gara a ce, "Baba, ga jikarka ta zo gaishe ka," a faɗi sunanta, shi kuma ya maimaita. A 2001 ta gwada wata ƙaramar na'ura mai ƙara da tunatarwa a kan mutum 143. Fiye da 80 cikin 100 na waɗanda suka kammala gwajin sun fi iya shan magani da cika ayyukansu a kan lokaci. Yau wayar hannu tana yin wannan aiki, haka ma ɗan littafi a aljihu.

Mu Fa, A Nan?

A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar aikin ƙwaƙwalwa da sashen gashin ƙashi. Akwai kuma asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kware. Amma masu koyar da magana kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, galibinsu kuma a manyan birane suke. Ga kuɗin mota, ga rashin tsaro da ya addabi ƙasar Raba da Goronyo a shekarun nan. Wane manomi ne zai iya zuwa birni sau 5 a mako? Dole mafi yawan awoyin nan a cikin gida za a yi su.

Sai dai mu faɗi gaskiya. A 2017 an buga wani gwaji na Indiya, da majiyyata 1,250 a asibitoci 14, inda aka ɗan koya wa dangi aikin jiyya aka sallame su. Bayan wata 6 ba a ga bambanci ba. Gajeriyar koyarwa kaɗai ba ta isa ba. Don haka kada mu yanke zuwa asibiti, ko da sau 1 a wata ne. Wanda zai zauna da majiyyaci a gida shi ya kamata ya raka shi, ya ga yadda ake yi, ya tambaya, ya komo da labarin abin da ya gagara. Wani bincike a Toronto a 2001 kuwa ya nuna cewa in an koya wa mai lafiya yadda zai yi taɗi da majiyyaci, taɗinsu yakan gyaru.

Abin Da Za Mu Yi A Gida

1. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya. A kashe rediyo. Kada a ɗaga murya, gama shi ba kurma ba ne.

2. A yi gajerun tambayoyi masu amsar i ko a'a. A ba shi lokaci, kada a ƙwace kalma daga bakinsa.

3. A fara da kalmomin rayuwarsa: fartanya, albasa, ruwa, sunayen 'ya'yansa. A riƙe abin a hannu ana kiran sunansa.

4. A zauna minti 20 ko 30, sau 3 a yini. In ya gaji a huta.

5. Nuni da hannu, zane, da hoto duk magana ce. A karɓa.

6. A shawarce shi a kan gonarsa da auren 'ya'yansa. Dattijo ne, kada a mai da shi yaro.

7. In yana shaƙewa wajen ci ko sha, ko ya daina cin abinci don baƙin ciki, a gaya wa likita.

Mai jiyya ma tana gajiya. Zumuntar mata da matasan ikilisiya za su iya raba kwanaki, kowa ya ba da rabin awa a mako, don uwargida ta sami numfashi.

Rigakafi Ya Fi Magani

Wani babban bincike da aka yi a Nijeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya gwada majiyyata 2,118 da masu lafiya irinsu. Ya nuna hawan jini ne kan gaba, nesa ba kusa ba, wajen kawo shanyewar jiki. Mu auna jininmu, mu rage gishiri, kada mu bar magani don mun ji sauƙi. Mun kuma tuna a 2009, da aka tsananta dokar hular kwano, yadda wasu suka kifa ƙwarya a kai don su ruɗi jami'ai. Ƙwarya ba ta tare kwalta. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta rikice farat ɗaya, a nufi asibiti nan take, kada a jira gobe.

In akwai mai irin wannan ciwo a gidanku ko a unguwarku, ku je wurinsa cikin makon nan. Ku zauna a gabansa, ku gaishe shi da girmansa, sa'an nan ku jira amsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jiyya haƙuri. Amin.