Daga Limbe zuwa Barombi Mbo: Hanya a gindin dutse mai aman wuta

Hanyar Limbe zuwa Idenau, a kudu maso yammacin Kamaru, tana bin gaɓar Tekun Atilantika ne a gindin Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Yashin gaɓar baƙi ne, domin asalinsa narkakken dutse. A shekarar 1999 dutsen ya yi aman wuta, malalarsa ta datse hanyar kusa da Bakingili.

A Limbe, cibiyar namun daji da aka kafa a 1993 tana kula da goggon biri da sauran birai da aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu.

Can cikin ƙasa, kusa da Kumba, Tafkin Barombi Mbo ya cika bakin tsohon dutse, kuma yana da jinsunan kifi da babu irinsu ko'ina. Sai dai ba kowane irin wannan tafki ke da lafiya ba: iskar da Tafkin Nyos ya fitar a 1986 ta kashe mutum sama da 1,700. Fargabar ɓallewar ruwansa na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.

Rikicin 'yan aware da ya ɓarke a 2017 ya sa wajibi ne matafiyi ya bincika halin tsaro kafin ya kama hanya.