Ko Haske Zai Iya Gano Ƙarancin Ruwa a Jikin Mai Gudu?

A wani hutu da na yi a gida Digil, kullum da asuba nakan bi wasu samari masu gudun motsa jiki, mu shiga cikin garin Mubi mu dawo. Watan Maris ne, zafi ya kankama. Wata rana wanda ya fi mu juriya ya tsaya yana jiri, jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, sai da muka riƙe shi. Ya rantse bai ji ƙishirwa ba sai daf da faɗuwarsa. Wannan ne ya sa na shiga binciken lamarin.

Ya kamata mai karatu ya bambance ƙishirwa da ƙarancin ruwa a jiki. Ƙishirwa (mu a gida ɗomka muke cewa da Fulatanci) saƙo ne kawai, kuma mai gudu kan yi biris da shi. Mai gudu cikin zafi na iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa guda. Ruwan jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugawa, zafin jiki ya hau. Masana da dama na ganin idan mutum ya rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ƙarfinsa zai fara raguwa, wato mai kilo 60 ya rasa kilo 1.2. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka yi tseren mata na kilomita 42 saboda zafi, amma duk da haka mata 28 cikin 68 suka kasa ƙarasawa.

A asibiti jini ko fitsari ake aunawa. To wa zai tsayar da mai tsere ya soka masa allura? Shi ya sa masana suka koma ga haske. Ka ɗora yatsanka a kan fitilar wayarka cikin duhu, za ka ga ya yi ja, domin wani hasken ya ratsa, wani kuma jiki ya shanye. Da wannan hikima injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro, a shekarun 1970, na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin. Shi ma ruwa yana da hasken da yake shanyewa, irin wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango kusan nanomita 970 da 1450. Sai a harba shi cikin fata daga agogon hannu, a auna abin da ya dawo. Idan ya dawo da yawa, alama ce ruwan wurin ya ragu.

A takarda abin gwanin sha'awa ne, a kan hanya kuwa da sauran aiki. Gumin da ke kan fata shi ma ruwa ne, yana rikita awon. Hannu na lilo, agogo na zamewa. Sannan ruwan fatar tsintsiyar hannu ba lallai ya nuna na sauran jiki ba.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne launin fata. Sinadarin da ke sa fatarmu baƙi shi ma yana shanye haske. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka sun gano cewa na'urar yatsa ta kasa nuna raguwar oksijin ga baƙar fata kusan sau uku fiye da yadda ta kasa ga Turawa. Wannan fa na'ura ce da ta shekara kusan hamsin. Saboda haka duk wanda ya kawo mini agogon auna ruwa, zan fara tambayarsa a fatar wa aka gwada shi.

Kuskuren kuma ta kowane ɓangare haɗari ne. Idan agogo ya ce ka yi ta sha, ka sha fiye da kima, gishirin jini zai tsinke. A tseren Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna sun sami wannan matsala.

Mu dai a Digil sikeli muka aro. Kowa ya hau kafin gudu, ya sake hawa bayan ya dawo ya goge gumi, duk kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce. Muka kuma riƙa duba launin fitsari da safe. Abokin nan namu da ya yi jiri, ashe shi ya fi kowa zubar da gumi a cikinmu, yanzu da gorar ruwa yake fita.