Dajin da ya tsira a tsakiyar Lekki

Wanda ya san Lekki ta yau, da benayenta da manyan kantuna da cunkoson motoci a kan titin da ya nufi Epe, da wuya ya yarda cewa shekaru arba'in baya galibin yankin fadama ce da kurmi da 'yan ƙauyukan masunta. Siririyar ƙasa ce da ruwa ya sa a tsakiya, tekun Atilantika ta kudu, tafkin Legas ta arewa. Da birnin ya cika ya batse, sai aka shiga yaso yashi daga gindin ruwa ana cike fadamun ana ɗora gidaje a kai. Ɗan abin da ya kuɓuta daga wannan ciko shi ne gandun Lekki Conservation Centre.

Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, wadda Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ita ta buɗe gandun a 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron, wanda ofishinsa ke daura da wurin. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin soja ta jihar Legas ta rushe unguwar Maroko, dubban ɗaruruwan talakawa suka rasa matsuguni, hanyar gine-gine ta buɗe zuwa gabas. Da an yi jinkirin shekara goma, ina jin ba za a sami filin da za a killace ba. Faɗinsa hekta 78 ne, wato filin ƙwallo ɗari da 'yan kai. Mutanen Yobe da Jigawa ba baƙin wannan gidauniya ba ne, don tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru tun 1987.

Mafi yawan baƙi gadar sama ce ke kawo su. An buɗe ta a 2015, tsawonta mita 401, kuma a inda ta fi tudu tana da mita 22.5 daga ƙasa. Ana kiranta mafi tsawon irinta a Afirka. A rataye take tsakanin hasumiyoyin ƙarfe, da raga a gefe da gefe, tana lilo duk sa'ad da na gabanka ya taka. Ba a barin ƙananan yara su hau, kuma mai jin jiri gara ya haƙura tun daga ƙasa, don siririya ce, da mutane a bayanka juyawa sai ta zama rigima. Daga ƙololuwarta za ka ga abin da ya fi hoto amfani: koren daji a ƙarƙashinka, rufin gidaje sun yi masa zobe ta kowace kusurwa.

Sai dai ni a ganina ainihin gandun yana ƙasa, a kan doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa bisa ruwan fadama. Nan ne mutum zai ga Lekki ta asali. Itatuwan tukurwa da na kwakwar manja sun haɗa kai sun tare rana, ruwan ƙarƙashinsu baƙi ƙirin saboda ruɓaɓɓen ganye, iska kuma ta yi nauyi da danshi. Ɗan arewa da ya saba hango nesa sai ya ji daji ya rufe shi. Wannan ruwa da ke kwance, wanda mai sayar da fili zai kira asara, aiki yake yi. In an tafka ruwan sama, fadama ce ke karɓarsa ta riƙe, ta dinga sakinsa a hankali yana nutsewa cikin yashi. Inda aka cike ta aka malala siminti, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya rasa masauki ya shiga falo. Ambaliyar watan Yulin 2017, wadda ta sa aka ga motoci sun nutse a titunan Lekki da Victoria Island, ba ruwan sama kaɗai ya jawo ta ba.

Dabbobin ba a keji suke ba, kuma a nan wasu ke yin fushi. Mutum ya biya kuɗin ƙofa yana zaton gidan zu ne irin na Kano, sai ya zaga bai ga kada ba. Kadoji suna nan, da guza da macizai da gada da mazo, amma babu wanda ya ɗora musu dole su fito, kuma hayaniyar taron ƙarshen mako tana ƙara korarsu can ciki. Waɗanda ba su da kunya su ne birai, wani nau'i da ake kira mona, masu farin ƙirji da ɗigon fari biyu a gindin wutsiya. Suna da 'yar jaka a cikin kumatu da suke cusa abinci su gudu da shi. Sun gane leda, sun gane kwalbar lemo, kuma baƙi ne suka koya musu. Duk mai miƙa wa biri biskit don ya ɗauki hoto, shi ke shirya wa na bayansa fizge, wani lokaci har da cizo. A rufe abinci cikin jaka har a isa filin shaƙatawa na iyali, inda akwai rumfuna da tafkunan kifi da wasannin dara da ludo da aka zana manya-manya a ƙasa.

Ranar aiki da sassafe ta fi dacewa, tsuntsaye na kai-komo, zafi bai taso ba, titin kuma bai cushe ba. A sa takalmi sau-ciki mai kama ƙasa, don katako na santsi in ya jiƙe, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da damina ke kan ganiyarta.

Matsalar da ke gaban gandun ita ce ba shi da inda zai faɗaɗa. Dabbar gada da ke cikinsa ba ta da hanyar haɗuwa da wani garke, kuma ƙaramin garken da aka killace yakan yi rauni bayan 'yan zuriyoyi saboda auratayya ta jini ɗaya. Matatar man Ɗangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023 suna can gabas suna ƙara janyo jama'a, kuma kowace sabuwar unguwa da aka cike a maƙwabta tana sauya yadda ruwa ke shiga fadamar da yadda yake fita.