Jado: Kufan Da Ke Kan Dutse A Hanyar Ayari

Ɗan'uwa makiyayi, da kai bafatake mai tsallaka iyaka, a shirin wannan mako mun leƙa can arewa maso gabashin Nijar, cikin jihar Agadas, inda wani tsohon gari mai suna Jado yake zaune a kan dutse, babu kowa a cikinsa.

Ka san kantun gishirin Bilma da kake ajiye wa shanunka su lasa? To, daga ƙasar Kawar yake fitowa, kuma Jado yana arewa da ita. In ka taso daga Agadas, sai ka ratsa Tenere zuwa Dirku, ka miƙe arewa har Segedin. Nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Madama da Libiya, ɗaya ta karkata zuwa Cirfa. Daga Cirfa kuwa, Jado ba nisa.

Tun daga nesa za ka hango shi: gidaje bisa gidaje, manne da dutse kamar gidan zanzaro. Da duwatsu da laka mai gishiri aka yi ginin, aka yi azara da itacen dabino. Lungunan ƙanana ne, wani wurin sai ka karkace kafin ka wuce. Ba don rashin fili ba ne. Da gangan aka yi, don kada mahari a kan raƙumi ya samu shiga. A ciki akwai ɗakunan da ake ɓoye dabino da hatsi in an ji ƙishin-ƙishin hari.

Me ya kawo mutane wannan lungu na hamada? Ruwa da hanya. A gindin dutsen akwai tafkuna da gonakin dabino, ga kuma ayari mai kai da kawowa tsakanin Barno da Fezzan. Tun ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibalemi, ikon Kanem ya kai wannan yanki, shi ya sa Barebari ne mazauna garin na ƙarshe. Gishiri ya bi wannan hanya, dabino da tufafi sun bi, bayi ma an kora su ta nan. Wannan ma tarihi ne, ba a ɓoye shi.

To, ina mutanen? Hare-hare sun yi yawa a ƙarni na 18 da na 19, ciniki ya koma bakin teku, ayari ya ragu, ga sauron tafkunan da zazzaɓinsa. Sannu a hankali aka watse. Yau sai lokacin nunar dabino Tubawa ke zuwa su kafa bukkoki a gindin dutsen, su yi girbi su tafi.

In ka hau can bisa da sanyin safiya, za ka ga koren dabino a ƙarƙashinka, rairayi iya ganinka, ga manyan duwatsu tsaye kamar ganuwa. Kusa da nan akwai wani kufan, Jaba. A jikin duwatsun yankin kuma, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa da giwaye da shanu. Makiyayi, ka ji fa: shanu, a inda yau ciyawa ta gagara.

A 2014 an gano zinariya a yankin, dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, har gwamnati ta rufe wuraren haƙa a 2017. Hanya ta sake cika, amma 'yan fashi ma sun biyo ta. Saboda haka in ka yi niyya, kada ka tafi da mota ɗaya. Bi ayarin motoci, nemi ɗan ƙasa ya yi maka jagora, ka tambayi hukuma halin hanya. Lokacin sanyi ya fi. Ɗauki ruwa fiye da lissafinka, da gidan sauro. In ka shiga, taka a hankali, kada ka hau bango mai tsagewa, kada ka ɗauko ko katanga guda.

Mutanen Jado suna da dutse, suna da ganuwa, amma da hanya ta lalace, duk ba su hana su tashi ba. Garuruwanmu na bakin iyaka ma da hanya suke ci. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.