Horar da Ɗalibai a Gidan Adana Kayan Fasaha na Jami'a

Tun shekarar 1683, da aka buɗe gidan Ashmolean a Jami'ar Oxford ta Ingila, jami'o'i suke tara kayan fasaha domin koyarwa. A Nijeriya ma, Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas ta buɗe gidan Yemisi Shyllon a 2019. Irin waɗannan gidaje sukan ɗauki ɗalibai na 'yan watanni, su koyi yadda ake kula da kayan da ke ajiye.

Babban abin da ake koya wa ɗalibi shi ne rajista. Duk abin da ya shigo akan ba shi lamba mai kashi uku: shekarar da aka karɓe shi, da jerin karɓarsa cikin shekarar, da matsayinsa cikin kayan da suka zo tare. Sannan a rubuta wanda ya yi shi, da inda aka samo shi, da hannuwan da ya bi. Daga nan sai adanawa, wato sa safar hannu kafin a taɓa ƙarfe, da rage wa tufa da takarda haske, da tsare su daga laima da gara da asu.

Dalilin fifita rajista kuwa a fili yake. An haƙo mutum-mutumin Nok da dama ta ɓarauniyar hanya, aka sayar a ƙasashen waje ba tare da an rubuta ramin da suka fito ba. Ga su nan da kyansu, amma masana tarihi ba su iya kafa hujja da su. Saboda haka ɗalibin da ya ƙware a rajista, shi ne mai tsare wa manazarta na gaba hujjarsu.